Zare: An sallami Baba daga asibiti, daga nan muka daina ganin gwamnati

1/ Jiya na sake ganin irin hoton nan yana yawo: dattijo kwance a katifa, baki ya karkace, a ƙasa an rubuta lambar asusun banki da "a taimaka saboda Allah". Na tura abin da ya sawwaƙa, amma barci ya gagare ni. Shekara uku da suka wuce hoton mahaifina ne ya yi irin wannan yawon. Ku yi haƙuri da ni, zaren yana da tsawo.

2/ Baba malamin firamare ne, lissafi yake koyarwa, shekararsa 54 a lokacin. Ya tashi da asuba zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Umma ta ce, "Malam, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, sai wata irin magana ta fito wadda babu wanda ya gane ta a gidan.

3/ Ga abin da muka yi a awa shida na farko, ba zan ɓoye ba. An shafa masa mai, an yi hayaƙi, wani maƙwabci ya ce iska ce ta buge shi a banɗaki. An ɗura masa ruwa ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Addu'a kam har gobe muna yi, ba ita nake zargi ba. Abin da yake cin raina shi ne ni da digirina ban san cewa agogo ne yake cinye ƙwaƙwalwar ubana ba.

4/ Shanyewar ɓarin jiki a ƙwaƙwalwa take, ba a hannu ko ƙafa ba. Iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da take kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Sashen da ya rasa jini sai ya fara mutuwa. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne suke mutuwa a kowane minti ɗaya.

5/ Akwai allurar da take narkar da gudan jinin, amma a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce. Idan fashewa ce aka yi allurar, an ƙara wa wuta fetur. Shi ya sa ma ba a ba mutum asfirin a gida da ka. Kuma dan Allah kada a ɗura masa ruwa ko koko, haɗiyarsa na iya lalacewa, abin ya wuce huhu.

6/ Alamun ba su da wuyar riƙewa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya ya saki, magana ta harɗe, duk farat ɗaya. Ka ga ɗaya daga ciki, asibiti kai tsaye, kuma ka riƙe lokacin da abin ya fara don likita zai tambaya. Wannan na sani yanzu. Da a makaranta aka koya min, ko a rediyo bayan labarai, da wataƙila labarinmu ya sha bamban.

7/ Mun isa asibiti bayan azahar, a bayan adaidaita sahu, kan Baba a cinyata. Aka ce a yi hoton ƙwaƙwalwa, na'urar asibitin ta lalace, sai a waje. Kafin mu haɗa kuɗi mu nemo motar da za ta kai shi ta dawo da shi, kwana biyu sun wuce. Ba zan kama sunan asibitin ba, don ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da suke da shi, kuma labarin ba na asibiti ɗaya ba ne.

8/ Amma ba a kan wannan nake son mu tsaya ba. Baba ya rayu, Alhamdulillahi. Bayan mako uku aka sallame shi da takardar magani, da robar fitsari, da magana ɗaya: "Ku riƙa kawo shi gashi." Daga ranar da muka fito ƙofar asibitin nan, duk wani abu da ake kira tsarin lafiya ya ƙare a kanmu. Sauran aikin ya koma kan Umma, da ni, da ƙanwata.

9/ Wanda bai yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba ba zai gane ba. Juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kunzugun manya. Wanka. Ɗaga namiji babba daga katifa zuwa kujera ba tare da an ja hannun da ya mutu ba, don kafaɗar na iya gocewa. Mu sai da muka goce masa ita kafin wani likitan fisiyo ya nuna mana yadda ake yi. Minti biyar ya ɗauka yana nuna mana. Babu wanda ya ba mu minti biyar ɗin nan ranar sallama.

10/ Gashi sau uku a mako aka ce. Kuɗin shatar adaidaita zuwa da dawowa ya fi kuɗin gashin kansa. Ka isa ka tarar da layi, likitocin fisiyo 'yan ƙalilan, marasa lafiya cike da benci, wasu daga ƙananan hukumomi masu nisa sun taso tun duhu. Muka koma sau biyu a mako, muka koma sau ɗaya, akwai watan da ba mu je ba gaba ɗaya.

11/ Abin takaicin, watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyi ta maye gurbin abin da ya lalace. Ana iya samun ci gaba bayan nan, amma a hankali. Wato daidai lokacin da gashi ya fi amfani shi ne lokacin da aljihun iyali ya riga ya ƙone a kuɗin gado da hoto da magani.

12/ Sai magana. Baba, mutumin da ya shekara kusan talatin yana tsaye gaban allo, ya kasa faɗar sunana. Yana gane komai, hankalinsa garau, kalmar ce ba ta fitowa. Zai nuna kofi ya ce "takalmi", ya san ba daidai ba ne, sai hawaye. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu wannan lalura suna shiga irin wannan matsalar magana. Akwai ƙwararru da aikinsu ke nan, koya wa mutum magana da haɗiya. Mun yi wata da watanni muna nema kafin mu ga ɗaya.

13/ Masu zuwa dubiya kuwa sai su riƙa yi masa ihu kamar kurma, ko su yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. "Ai Malam ya gama." A gabansa fa. Jama'a, yana jinku.

14/ Ƙanwata tana aji biyu a kwalejin ilimi lokacin. Aka zauna aka duba, ni ne mai ɗan kawo kuɗi, Umma ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, to wa ya rage? Ta jingine karatu "na zango ɗaya". Har yau ba ta koma ba. Idan ana lissafin asarar wannan ciwo ba a saka irinta a ciki, kuma ku duba gidajen da kuka sani, kusan kullum mace ce take biyan wannan kuɗin.

15/ To yanzu ga abin da ya sa na rubuta zaren. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar gida ɗaya: a yi jaje, a tara gudummawa, a wuce. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma rashin na'urar hoto mai aiki, da rashin likitan fisiyo a babban asibitin ƙaramar hukuma, da rashin motar ɗaukar marasa lafiya, waɗannan mutane ne suka zauna a kan kasafin kuɗi suka bar su haka.

16/ Kuma kada wani ya ce ciwon tsofaffi ne, ba ruwansa. Ƙungiyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Ka ƙirga abokanka na majalisa.

17/ Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. An wallafa sakamakonsa a 2018, marasa lafiya sama da 2,000. Matsakaicin shekarunsu 59. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai 50 ba. Masu ciyar da gida ke nan, masu biyan kuɗin makaranta.

18/ Binciken ya nuna hawan jini ne uban tafiyar, yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100. Kuma kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, wadda ta fi kisa, adadin da ya fi na ƙasashen Turai yawa. Baba ya san yana da hawan jini. Yakan sha magani idan kai ya yi ciwo, ya bari idan ya ji sauƙi, ya bari idan albashi ya yi jinkiri. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce wannan maganin na kullum ne.

19/ Na'urar awon jini da ƙwayar maganin hawan jini suna daga cikin abubuwa mafi arha a duk harkar lafiya. Jinyar mutum ɗaya da ɓarinsa ya shanye za ta saya wa unguwa guda maganin shekara. Gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗin gashi, to ga inda za ta rage masu buƙatar gashin: awo kyauta a kowace ƙaramar cibiyar lafiya, da maganin da ba ya yankewa, da rajistar da za a bi mutum idan ya daina zuwa.

20/ Bari in ratse kaɗan zuwa yara, don mutane da yawa ba su san yaro ma yana samun shanyewar ɓarin jiki ba. Masu sikila. Ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, kuma idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma yana gamuwa da wannan ciwon kafin ya kai shekara 20.

21/ A nan ne nake da labari mai daɗi, kuma daga gida. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala Muhammad da Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwaji. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda aka ga yana cikin haɗari sai a ɗora shi a kan maganin haidroksiyuriya. Haɗarin ya ragu sosai, ba tare da ƙarin jinin wata-wata da ake yi a ƙasashe masu kuɗi ba.

22/ Wannan a Kano da Kaduna aka yi shi, duniya ta karanta. Don haka idan an ce min "ai nan Najeriya ce, ba zai yiwu ba", sai in yi murmushi kawai. Tambayar da ta rage ita ce yaro mai sikila a ƙauyen da yake awa uku daga birni, yaushe na'urar za ta iso gare shi, kuma a kasafin wa?

23/ Sai ɗaya ɓangaren da ba a cika haɗawa da wannan ba: raunin ƙwaƙwalwa daga haɗari. A layinmu akwai wani saurayi, sa'an ƙanina, babur ya kayar da shi kansa ya bugi kwalta. Ya yi kwanaki a sume, ya farfaɗo, ya tashi da ƙafarsa. Kowa ya ce ya warke.

24/ Bai warke ba. Ya koma mai saurin fushi, ya manta saƙon da aka ba shi minti goma da suka wuce, ya kasa riƙe lissafin shago, hayaniya tana hargitsa shi. Ubangidansa ya sallame shi. Unguwa ta yanke hukunci: wasu suka ce ƙwaya yake sha, wasu suka ce aljanu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne birkin ɗan Adam, shi yake tsara tunani ya danne fushi. Idan ya bugu, halin mutum yana canzawa, kuma babu tabon da za ka nuna wa jama'a.

25/ Shi ya fi Baba shiga uku ta wata fuskar. Baba ana ganin sandarsa a tausaya masa. Shi kuwa zagi yake sha.

26/ Hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. A watan Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta saka ta, manyanmu za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka, har labarin ya zaga duniya ana dariya. An hana acaɓa a birnin Kano a 2013, amma babur bai bar titi ba, balle a garuruwa da ƙauyuka. Ku leƙa titi yanzu ku ƙirga huluna. Mu matasa ne a kan baburan nan, mu ne muke cika gadajen sashen haɗari.

27/ Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi da na fara karance-karance a daren jinya: dokokin akwai su. Na ɗauka sai an yi sabuwar doka. Ashe a rubuce suke, an sa hannu, an ɗauki hoto.

28/ Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce babu asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da tara da ɗauri ga wanda ya saɓa. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma ta ce a ware kashi 5 na asusun don kulawar gaggawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a taga yana kiran 'yan uwa a turo kuɗi kafin a taɓa majinyacinsa ya san tazarar da ke tsakanin takarda da tagar.

29/ Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ce a ba su fifiko a layi. An kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020.

30/ Na goyi Baba a bayana na hau bene da shi don a tantance shi a wani ofis, saboda sai an gan shi ido da ido kafin a ci gaba da biyan haƙƙinsa. Ina hawa yana ɓoye fuskarsa a wuyana don kada tsofaffin ɗalibansa su gane shi. Wannan bayan wa'adin ya cika ne.

31/ Wani abin lura: da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki ba sa ɗaukar kansu a cikin waɗanda dokar nan ta shafa. Mu ma ba mu ɗauka ba. A tunaninmu nakasa ita ce wadda aka haifi mutum da ita, ko shan inna. Baba "mara lafiya" ne kawai, muna jiran ya warke. Saboda haka ba mu cikin ƙungiyar kowa, ba mu cikin lissafin kowa. Guragu da makafi da kurame suna da ƙungiyoyi da shugabanni, sun yi shekaru suna gwagwarmaya har aka samu dokar. Mu kowa yana ɗakinsa da majinyacinsa, ƙofa a rufe.

32/ Sai dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta mayar da inshora wajibi ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni, har da tsofaffi da masu nakasa da marasa galihu. An ce mutum miliyan 83 za su amfana. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye.

33/ A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Sunan babban birninmu ne a kan alƙawarin. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. A watan Mayun 2023 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan farfaɗo da marasa lafiya bayan jinya, cewa gashi da koyar da magana da makamantansu ɓangare ne na tsarin lafiya, ba alatu ba.

34/ Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min. Ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, mata suna mutuwa wajen haihuwa, ina ta ga kuɗin koya wa dattijo magana? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Idan aka ce in zaɓa tsakanin rigakafin yara da gashin Baba, shi da kansa zai nuna yaran.

35/ Amma lissafin bai tsaya nan ba. Gidanmu ya rasa albashi ɗaya, ya rasa ɗaliba ɗaya, an sayar da fili, kuɗin makarantar ƙananan ya koma bashi. Mutum ɗaya ya kwanta, mutum bakwai suka gangara. Kuɗin da gwamnati take ganin ta tsimi ta hanyar ƙin ɗaukar likitan fisiyo, ana biyansa ninki, a gidaje ne kawai ake biya inda babu mai rubutawa.

36/ Kuma abin da ya fi ceton rai ba shi ne mafi tsada ba. Bincike ya daɗe da nuna cewa idan aka ware ɗaki guda a asibiti don masu wannan ciwo, da nas-nas da aka horar, ana gwada haɗiya kafin a ba da abinci, ana lura da zazzaɓi da suga, ana fara motsa jiki da wuri, mutuwa da nakasa suna raguwa. Tsari ne da horo, ba wata na'urar biliyoyi ba. Asibitin Korle Bu a Akara ya buɗe irin wannan sashe tun 2014.

37/ Akwai masu cewa a koya wa iyali kawai su riƙa yi a gida, shi ke nan an huta. Ni ma na so hakan, don mun ji jiki da rashin koyarwa. Amma a Indiya an gwada wannan a kan marasa lafiya sama da 1,000, aka wallafa a 2017, kuma ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka horar da iyalansu da waɗanda ba a horar ba. Koyar da iyali yana hana ɓarna irin goce kafaɗa, amma kada gwamnati ta fake da shi ta ƙara ɗora wa ƙanwata aikin ƙwararru.

38/ To me nake nema? Na farko, kuma shi ne zuciyar maganar: gashi da koyar da magana su shiga cikin abin da inshorar lafiya ta jiha da ta tarayya take biya, zama isasshe na aƙalla watanni shidan farko, ba 'yan zama kaɗan na fita kunya ba. Duk wanda yake da katin inshora, ya je ya tambaya zama nawa katinsa yake ɗauka. Ku dawo ku faɗa mana a ƙarƙashin zaren nan, kowace jiha.

39/ Sannan likitan fisiyo a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma. Jami'o'inmu suna yaye su duk shekara, Jami'ar Bayero ma tana da sashen. Na san waɗanda suka gama suna zaune babu aiki, na san waɗanda suka tattara suka tafi Saudiyya da Ingila. Majinyata suna nan, ƙwararrun suna nan, takardar ɗaukar aiki ce babu a tsakani.

40/ Ranar sallama kuma kada a saki mutum da "Allah ya ƙara sauƙi" kaɗai. Takarda da Hausa, yadda ake juyawa, yadda ake ɗagawa, yadda ake ciyarwa, ranar dawowa, lambar da za a kira. Da ma'aikacin lafiyar unguwa da zai leƙo gida ya auna jini, don wanda ya samu sau ɗaya yana cikin haɗarin samun na biyu. Wannan ko sabuwar doka ba ya buƙata, umarnin kwamishina ya isa.

41/ Ma'aikacin da ya samu lalura amma kansa yana aiki, a sauya masa aiki maimakon a tura shi gida. Baba ba zai iya tsayawa gaban aji ba, amma har yau idan ka miƙa masa littafin lissafin yaro, da hannun hagu zai zagaye inda aka yi kuskure.

42/ Ta ina za mu fara? Lafiya a matakin farko da manyan asibitocin jiha a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, ba sai mun jira Abuja ba. Kowace majalisar jiha tana da kwamitin lafiya, kuma yana da shugaba mai suna da mazaɓa. Mu nawa ne muka san sunan namu? Ni ban sani ba sai bara. Muna iya kwana uku muna faɗa a kan wa ya fi wani tsakanin 'yan siyasa biyu, amma lokacin da ake zaman kare kasafin ma'aikatar lafiya, shiru.

43/ Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ka rubuta wa hukumar gwamnati wasiƙa ka nemi bayani, doka ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Ba sai kai ɗan jarida ba ne. Ko ba su amsa ba, ka ɗauki hoton wasiƙar da hatimin karɓa ka saka a nan, rashin amsar ma labari ne.

44/ Ranar 29 ga Oktoba ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya. Yawanci tattaki ake yi da riguna iri ɗaya, a yi jawabi, a watse. Ni bana wasiƙa zan kai wa shugaban kwamitin lafiya na majalisar jiharmu, tambaya uku ce a ciki: likitocin fisiyo nawa jiha take biya albashi kuma a ina suke, na'urar hoton ƙwaƙwalwa nawa ce take aiki yau a asibitocin jiha, kuma zama nawa na gashi inshorar jiha take ɗauka. Ina neman masu sa hannu, musamman masu jinya a gida. Ku yi min magana ta akwatin saƙo.

45/ Masu tura gudummawa, Allah ya saka da alheri, kada ku daina. Da kuɗinku muka sayi keken Baba, ban manta ba. Amma na ga yadda abin yake: hoton da ya samu mai mabiya da yawa ya ɗauka shi ne yake samun taimako, na ƙauye da ba shi da wanda zai ɗauke shi hoto yana nan kwance. Kuma Baba bai taɓa sanin an saka hotonsa ba. Ni na saka, ban tambaye shi ba, don na san da zai iya magana da ya hana.

46/ Yanzu yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba gargada, sunana ne dai wata rana ya fito, wata rana ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu. Na karanta masa wasiƙar a daren jiya, ya saurara har ƙarshe, ya miƙo hannun hagu na ba shi biro. Ya ɗauki kusan minti biyu yana rubuta sunansa, haruffan a karkace. Shi ne na farko a jerin. Gobe Talata ranar gashi ce, zan tafi da takardar in bi benci da ita.